An Ɗauke Ni a Majigi Cikin Gonar Wani

Malam Jaji, bayan gaisuwa, ina neman ka taimaka mini da shawara, don abin ya fi ƙarfin kaina. Na sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya kalli majigin nan tsakanin Kura da Bunkure ya san gemuna.

Ni dattijo ne mai noman rani, kuma tun ina yaro nake son kallo. A majalisarmu ta gindin ɗorawa kowa da ɗariƙarsa. Iliyasu mai faci ɗan Indiya ne, idan yana ba da labarin fim har idonsa kan kawo ruwa. Baballe kuwa sai na Canis, ya ce mutum ɗaya ya doke arba'in bai ko yi gumi ba. Ni shekara da shekaru ina yi musu dariya. Nakan ce tatsuniya na sha ta a ɗakin kakata, ba sai na hau mota zuwa silima a Kano an yi mini ita da waƙa ba. Nawa kallon shi ne majigi, wanda ake nuna yadda ake kashe fara, ko yadda mutanen wata ƙasa suke dasa shinkafa. Majigi ba ya ƙarya, abin da ya faru shi yake nunawa. Na faɗi haka ya fi a ƙirga, har Baballe ya sa mini suna Sarkin Majigi.

To bara, tumatir ya fara nuna, sai ga wasu samari daga birni da na'urar ɗaukar hoto, za su yi majigi a kan noman rani. Da na ji, na je na ɗauko rigar sallata. Gonar da ta burge su ta maƙwabcina ce, Hananiya, mutumin Kudancin Zariya, shekararsa shida yana aro a hannun wani Alhaji na birni. Gona ce kamar an zana ta, kowane kwamin shuka ruwa daidai. Suka tarar da ni tsaye a bakinta, babbansu ya tambaya ko tawa ce. Malam, ban ce i ba. Murmushi na yi na shafa gemu. Suka shigar da ni ciki, suka ba ni tumatir uku na riƙe, na yi ta duban nesa kamar yadda aka ce in yi.

Tawa gonar tana jikinta. Kwana biyu kafin nan na buɗe ruwa na tafi majalisa, musu ya yi daɗi na manta, ruwa ya kwana ya wuni, rabin tumatir ya ruɓe. A ranar ɗaukar hoton Hananiya yana cikin tawa gonar, laka har gwiwa, yana buɗe mini hanya ruwan ya fita, ba tare da na roƙe shi ba. Suka juya na'ura suka ɗauke shi. Na gani da idona, na ɗauka wucewa kawai na'urar ta yi.

Bayan wata biyar motar majigi ta zo filin makaranta. Ni na bi gida gida ina gayyata. Sai ga ni a jikin farin ƙyalle, murya tana cewa ga manomi mai bin shawarar malamin gona. Aka yi tafi. Sai ga Hananiya cikin laka, muryar ta ce ga kuma wanda sakaci ya cinye masa gona. Yara suka fashe da dariya, tun daga ranar suke kiransa Sakaci. An nuna shi a Kadawa, an nuna a Madobi. 'Yan majalisa sun san gaskiya, amma ba su tona ni ba. Sai dai kullum na zauna Baballe ya dubi sama ya ce ai majigi ba ya ƙarya, Sarki ne ya faɗa. Iliyasu kuma ya ce shi gara Indiyarsa, ko ba komai a ƙarshe akan gane mugu.

Da a nan ya tsaya da na haɗiye. Alhajin nan rabonsa da zuwa gonarsa shekara uku, bai ma gane ta ba, amma ya gane fuskar Hananiya. Ya aiko cewa bana ba zai bar ƙasarsa a hannun malalaci ba. Kuma ka san wanda yake so ya ba? Dattijon nan mai tumatir uku. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba, ka ga halin nawa bai sake ba.

Hananiya har yau yana rusuna mini ya ce Baba ina kwana. Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi. Matarsa Paulina ce idan ta hango ni take sauya hanya. 'Ya'yansu huɗu, ba su da wata ƙasa a nan. Saura 'yan makonni a saki ruwan noman rani a kanal. In na yi magana, na zama abin dariya da furfurata. In na yi shiru, ka san sauran. Yaya zan yi?

Naka, Mai Gona a Bakin Kanal

AMSA

Baba, na karanta wasiƙarka sau biyu. Na yi dariya a farko, daga baya na daina.

Ba kai kaɗai ke da laifi ba. Samarin nan sun zo da labarinsu a aljihu, manomin kirki da malalaci, fuska kawai suke nema, kuma ba su tambayi Hananiya ko sunansa ba. Na'ura abin da ke gabanta take ɗauka, amma muryar da aka ɗora ta mutum ce, mutum kuwa yana kuskure. Son majigi ba aibi ba ne, ni ma ina son sa. Iliyasu dai ya fi ka da abu ɗaya, ya san wasa yake kallo.

Amma murmushin nan amsa ce, kai ma ka sani. Shirun da kake yi wa Alhaji kuma ya fi shi nauyi, don a kansa mutum zai rasa abincin gidansa.

Ka fara da Hananiya. Ka je gidansa da ƙafarka, ka ba shi haƙuri a gaban matarsa, don ita ma ta sha kunyar. Kada ka aika. Washegari ku tafi wurin Alhaji tare, ka ɗauki Baballe ya zama shaida, tunda bakinsa ba ya gajiya. Ka ce gonar da ya yaba tasa ce, hannun Hananiya ne, ruɓaɓɓiyar kuwa taka ce, kuma ba ka karɓar aron. Ka yi wannan cikin makon nan, kafin ya yi wa wani alkawari. Sannan ka faɗa a majalisa da bakinka, ka kuma tsawata wa yaran unguwa, za su ji maganarka. In akwai mai adireshin samarin, a rubuta musu su gyara, amma kada ka jira su.

Za a yi maka dariya, ba zan ɓoye maka ba. Wataƙila har damina. Dattijo yana iya ɗaukar wannan, yara huɗu ba za su iya ɗaukar rani babu gona ba.

Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa, ya sa ranar da za a saki ruwa Hananiya yana cikin gonarsa.

Malam Jaji