Auta, Ka Zo Ka Gaishe Ni a Tsaye

Assalamu alaikum, Auta. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a unguwar Perry Barr ta Birmingham. Tunda ka daina ɗaukar wayata, a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa zan faɗi tawa, kowa ya karanta.

Ka tuna ranar da Kawunka ya zo daga Kano ya sauka gidanmu na Moss Side? Ka gaishe shi a tsaye ƙiƙam, hannu cikin aljihu. Kunnenka ya sha murɗa. Na ce yaron da bai iya tsugunawa gaban manya ba, ba a gidana ya tashi ba.

Sai ga malaminku ya ba ka safar hannu, ya ce kai ne mai tsaron bayan sanduna a wasan kurket, na jifa da bugun ƙwallo. Da na je kallo, wuni guda kana tsugunne kana jiran ƙwallo, ka miƙe, ka koma. Na tambaye ka ko ƙwallo ta fi Kawu daraja. Ka yi dariya, amma daga ranar ban sake tuna maka gaisuwa ba.

Duk shekarun da ka yi a ƙungiyar Birmingham ina biye. 'Yan yatsunka sun karye, sun karkace. Azumin dogon yinin bazara ya same ka bayan sandunan nan, ba ka sha ko ɗaya ba. Mai jifa da mai bugu ake yi wa tafi, kai kana baya kana tare ɓarnar wasu. Ban yabe ka ba, uwa ba ta yabon ɗanta a gabansa. Amma matan unguwar Rusholme da ke kusa da mu sun gaji da jin labarinka a bakina.

Yanzu gwiwoyin sun ƙare, ka ajiye wasa. Matarka Hauwa ta ce a kan kujera kake sallah, kuma ka ƙi zuwa mini yawon Sallah ne don ba za ka iya tsuguna mini ba. Wannan wauta ce. Ƙin zuwan shi ne rashin ladabin. Ubangijinka ya yarda ka yi masa sallah a zaune, ni wace ce?

Ka hau jirgin ƙasa ranar Juma'a. Ka shigo ka gaishe ni a tsaye, na ɗauke maka tsugunon. Amma ka cire hannu daga aljihu.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka.

Mahaifiyarka,
Umma