Fuskar Lodzia a Kan Zare

Litinin, 4 ga Oktoba, 1993

Na fara aiki wurin Pani Mirosława, mai fasahar hoto da saƙa (Pani wato Malama). Shekara talatin da ɗaya na yi a masaƙa kafin a rufe ta, yau ga matar da hannunta bai taɓa yin kanta ba tana koya mini riƙon zare. Ɗakin nata warin taba da maganin wanke hoto, igiya da gashin doki ko ta ina. Tana buga hoto a kan zaren tsaye tun ba a saƙa ba, ni kuma in saƙa. Wai kada in daidaita, in bar zaren ya goce yadda ya ga dama. Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 7 ga Oktoba

Ashe hoton Lodzia ne. A sashenmu na masaƙa ta ɗauke shi, shekara takwas ke nan. Lodzia da injina ke kallon nata shekara ashirin, wadda ciwon ƙirji ya ɗauke bara. Sai da na nemi kujera.

Talata, 12 ga Oktoba

Ni da bakina! Na haɗu da Zenon, mijinta, a layin burodi, na kwashe labarin na ba shi. Har da alkawarin zai ga matarsa kamar ta yi magana. Ya ce kwat ɗin aurensu zai sa ranar da za a baje kolin aikin.

Asabar, 16 ga Oktoba

Na kai bakin Lodzia a saƙar. Haɓa ta karkace, leɓe ya rabu biyu. Na ce wa Pani Mirosława wannan baiwar Allah ba ta taɓa fitar da yadi mai aibi ba, don me za a mayar da fuskarta haka?

"Ba hoton katin shaida nake yi ba, Pani Czesia," in ji ta.

Ta miƙo mini shayi. Shi ma ya huce.

Laraba, 27 ga Oktoba

Pani Mirosława ta tafi Warszawa, babban birni, kwana uku ke nan. Na ɗauki allura na bi zaren nan ɗaya bayan ɗaya na daidaita shi. Wuyana ya ƙage, amma fuska ta fito tsaf. Haka ake aiki.

Alhamis, 28 ga Oktoba

Ta dawo. Ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce hannuna babu na biyunsa, amma wannan hoton kan kabari ne. Sannan ta tambaye ni yaushe na taɓa ganin Lodzia tsaye wuri ɗaya. Wai ita ba za ta taɓa ba, ni na san Lodzia, ni zan yanke shawara.

Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fito ko sallama babu.

Litinin, 1 ga Nuwamba

Ranar kai kyandir maƙabarta. Na kai wa Lodzia nata. Hoton da ke jikin dutsen, wata mata ce an taje mata kai, baki a tsuke. Ni ban san wannan ba. Wadda na sani ta gefen ido nake ganinta, cikin ƙurar auduga, kai na juyawa, baki a wangale, don ƙarar injin ba ta barin a ji magana sai dai a karanta leɓe.

Haushi ya ishe ni har gida. Haushin wa, oho.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Na warware gyaran da na yi wa saƙar. Kwana huɗu. Pani Mirosława ta dai ajiye mini kek ɗin cuku a gefen katakon saƙa. Na ci, ban gode ba.

Juma'a, 19 ga Nuwamba

An buɗe baje koli. Zenon ya zo da kwat ɗin, maɓallin ciki ya ƙi rufuwa. Ya matsa har hancinsa na taɓa zaren, ya duba sama ya duba ƙasa.

"Czesia, ina matata? Wannan ai tsumma ne."

A gaban mutane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya kifa hula ya nufi ƙofa, na bi shi ina neman abin da zan faɗa. A bakin ƙofa ya waigo, ina jin harara ya yi niyyar yi, sai ya tsaya cak. Daga nesa haka zaren ya haɗe. Masu shigowa suna ta kewaye shi, bai ko motsa ba.

"Ga ta can," ya ce a hankali. "Faɗa take yi mini."

Ya cire hular. Ni na fita waje, hayaƙin tabarsu ya shigar mini ido.

Asabar, 20 ga Nuwamba

Pani Mirosława ta nuna mini zanen sabon aikin, ya fi wancan muni. Har gobe rabin abin da take yi shirme ne a wurina, kuma na faɗa mata. Litinin zan koma.

Na tambaye ta ko cikin hotunan sashenmu akwai hotona. Tambaya kawai na yi. Ta ce akwai. Na ce in har za a saƙa shi, kada ta ba wata.