Gefen da Ke Kallon Bango

Litinin, 3 ga Maris

"Ki ara mini ɗakin karatunki na wata biyu, in gama wannan in fita miki." Haka ka ce, kana tsaye a bakin ƙofa da kwalin katako a hammata. A lokacin jikarmu ko rarrafe ba ta fara ba, yanzu tana makaranta. Ƙananan jiragen ruwa huɗu ka haɗa a ɗakin nan, irin na da masu tafiya da iska, kowanne ka ce shi ne na ƙarshe. Na biyar ka bar mini shi a kan tebur, ka tafi inda ba a kai ƙara. Littattafaina suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gado, kyankyasai sun fi ni sanin abin da ke cikinsu.

Mutumin da ko gada muka hau a mota sai ya runtse ido. Teku kuwa sai a kalanda. Shi ya sa na sa maka Kyaftin, kai kuma ka ɗauka yabo ne.

Auta ta ce ƙarshen wata za ta zo da mota a kwashe komai na ɗakin. Na ce madalla.

Laraba, 5 ga Maris

Ban shiga ba tukuna. Warin gam yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, alhali babu wanda ya buɗe kwalbar tun da ka kwanta.

Asabar, 8 ga Maris

Ina guga a falo da rana tsaka, na ji ƙas daga ɗakin. 'Yar ƙara ce, irin wadda hantsakinka ke yi idan ka ajiye shi a kan tebur. Na tsaya da dutsen guga a hannu har sai da na ji ƙaurin wuyan riga.

Na karanta labaran fatalwa fiye da yadda ya dace da mace mai hankali. Ban taɓa cin karo da wadda ke zuwa rana na dukan ƙeya, mai gyaran famfo yana buge-bugensa a maƙwabta ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau ma. Na ce "Na'am" kafin in kama bakina.

Talata, 11 ga Maris

Na gaya wa Auta a waya. "Ɓera ne, Mama." Na ce wane irin ɓera ne mai jiran rana ta take. "To ki dawo wurinmu mana." Ta gaji ubanta, duk tambayar da ta fi ƙarfinta sai ta amsa da shawara.

Alhamis, 13 ga Maris

Na shiga.

Kujerarka a ture baya, kamar ka tashi shan ruwa. Tabarau a kan zanen jirgin. Ga maƙalan shanyata birjik, waɗanda na yi ta zargin maƙwabciya da ɗauka, ashe da su kake danne katako har gam ya kama. Sai na nemi gafarar matar nan, kuma ba zan iya gaya mata dalili ba.

Jirgin ya kai tsawon hannuna, a kife, an kafe shi a kan wani allo mai kauri. Gefen da ke kallon ƙofa ka rufe shi tsaf da siraran katako, sumul kamar bayan cokali. Shi nake hangowa kullum idan na kawo maka shayi. Da na zagaya zan buɗe taga sai na ga ɗaya gefen, mai kallon bango. Haƙarƙari ne tsirara, layi biyu ko uku kawai a jiki.

Kai da dokarka da ka ishe ni da ita a kan abinci har na haddace: "Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Katako ja yake yi idan yana bushewa. In kika bar gefe guda yana ja shi kaɗai, jirgi murɗewa zai yi." Ka taɓa ɓalle aikin mako guda saboda ka sa biyu a jere a gefe ɗaya.

Ina tsaye a wurin ya yi ƙas, a gabana. Na sunkuya na duba ƙashin bayansa, ya fara karkacewa kamar bakin mai shirin kuka. To na san mai ƙarar. Abin da ban sani ba, me ya sa ka yi haka.

Asabar, 15 ga Maris

Na kira abokinka likitan haƙori, wanda kuke kwashe yini kuna gardama a kan ƙullin zare. Da ya zo, ya zagaya teburin, ya ga gefen bango, ya cire hula ya riƙe.

"Malama, allon nan da hannu biyu ake juya shi."

Na ce ina ji.

Ya ce hannunka na hagu ya daina riƙo watanni kafin ka faɗi. Ba ka iya juya allon, sai ka ci gaba da gefen da hannun dama ke kaiwa. "Ya ce kada in gaya miki. Wai za ki kulle ɗakin ki kai shi asibiti."

Na ce da kuwa na kai shi.

"Shi ya sa," in ji shi, yana kallon hularsa.

Ya ce in ba a rufe gefen hagu da wuri ba, ƙashin bayan zai tsage, kuma babu gyara. Ya ce zai dawo ya duba. Ko ruwa ban ba shi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Hannu a aljihu kullum. Ka daina ɓalla maɓallin hannun riga, wai zafi. Ka daina tuƙi, wai mai ya yi tsada. Ni da nake gano ƙaryar ɗalibi daga kujerar baya tun bai buɗe baki ba.

Shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya, da za ka faɗi gaskiya sai ka zaɓi mai cire haƙori. Kuma ka bar wa katako ya gaya mini. Da kana nan da yau ka ji abin da ba ka taɓa ji ba, har maƙwabta su leƙo.

Na ɗauko guduma na shiga ɗakin. Na fito da ita.

Laraba, 19 ga Maris

Ba don kai ba. Ƙarar ce ta dame ni.

Na juya allon. Sai da na sa hannu biyu da ƙugu.

Na tafasa ruwa, na riƙe siririn katako a kan tururi yadda na sha ganin kana yi, kana hana ni tukunyata. Na farko ya karye, na biyu ma. Daga baya na gane ba a tilasta masa, jira ake har ya yarda. Wanda ya lanƙwasu na shafa masa gam, na danne da maƙalan shanyata. Ai dama nawa ne.

Asabar, 22 ga Maris

Gam ya bushe a yatsuna, ban iya buɗe shafin littafi. Layina bai kai naka kyau ba, akwai wurin da ƙuda zai iya leƙawa. Amma yana kamawa.

Na jera takardun zanen don in san inda na dosa, na ga babu ta ƙarshe, mai nuna sandunan jirgi da igiyoyinsa. Na tambayi likita. Wai kai ka ara masa, zai kawo gobe.

Talata, 25 ga Maris

Tun shekaranjiya babu ƙara. Ƙashin bayan ya fara miƙewa.

Da rana na zauna a falo, ƙofar ɗakin a buɗe. Na kashe fanka don in ji da kyau. Mai famfo ya gama aikinsa, unguwa tsit. Na zauna har inuwa ta kai bakin taga.

Babu wanda ya gaya mini idan na gyara shi shiru za ka yi.

Alhamis, 27 ga Maris

Na ce wa Auta kada ta zo da mota. Gam bai gama kamawa ba, in aka jijjiga jirgin yanzu an yi aikin banza. Gaskiya ce tsantsa. "Mama, kin fara magana kamar Baba." Na ce layin ba kyau, na kashe.

Layi biyu suka rage a gefen hagu. Ina rufewa shi ke nan, na gama da shi.

Likita bai kawo takardar ba, goben tasa ta zama irin taka. Ba wai ina da abin yi da ita ba ne, kayan mijina ne, a gidansa ya kamata su kwana. Na aika masa saƙo: yana da zuwa Litinin da tsakar rana. In ta wuce, zan je asibitin nasa da kaina, in zauna a ɗakin jira, in ba duk mai riƙe da kunci labarin yadda likitansa ya iya ganin ciwo ya yi shiru. Ba zan tashi ba sai da takardar a hannuna.

Daga can in biya wurin masu kayan ɗinki. Zaren da ka bari fari ne, igiyoyin da ke riƙe sanda kuwa baƙi ake sa musu, kuma mai kauri.