Kejin Magajin Gari da Mai Takaba

Zuwa ga Agripina, kurciyata, hasken safiyar da ke sauka a kan dutsenmu kafin ya iso kan kowa, maɓuɓɓugar da ba ta ƙafe ba ko a shekarar fari, furen dankalina, garwashin murhuna!

Gaisuwa daga mijinki Saturnino, wanda yau wata huɗu da kwana tara yake dafa miya a ƙaramar tukunya. Na san 'yarmu Nelida ce za ta karanta miki wannan, tunda idonki ya daina jituwa da ƙananan baƙaƙe. Ke Nelida, ki karanta duka, kada ki tsallake layi, in dariya ta kama ki ki haɗiye ta. Da uwarki nake, bakinki kawai na ara.

Ya jikin? Tarin nan yana barin ki ki huta? Iskar birnin Arekipa ta karɓe ki? Ni lafiyata ƙalau, in dai lafiya ce mutum ya tashi ya ga malafarki a ƙusa ya ce mata ina kwana.

Kurciyata, kin tuna ranar da kika shigo gidan nan? Mahaifiyarki ta ƙulle miki ɓerayen Masar biyu a mayafi, mace da namiji. Kika durƙusa a gindin murhu kika sake su, suka ruga ƙarƙashin dakalin tukwane suna kwi-kwi. Kika ɗago kika dube ni, hayaƙi ya sa idonki ya yi ja, kika ce, "Kai Saturnino, ɗakin girkin da babu kukan waɗannan ai kabari ne. Yau ka zama mai gida." Shekara arba'in da ɗaya! Jikokin jikokinsu nawa muka gasa a ranakun biki, nawa kika kai wa maƙwabta ranar baftisma? Tun daga ranar ba a taɓa yin shiru a ɗakin nan ba. Wayyo ni, ashe hayaƙin da ke ɗumama su shi ne yake cin ƙirjinki a hankali, ni kuwa ina zaune ina ƙara itace!

Ranar da mota ta tafi da ke, Nelida ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu, ke sak, ta ce, "Baba, gaskiya ɗaya ce. Mama ba za ta dawo ɗakin nan ba sai hayaƙi ya sami hanyar fita, dabbobin nan kuma sun bar ƙasa. Likita ne ya faɗa, ba ni ba." Na riƙe maganar da hannu biyu. Bututun hayaƙi na gama shi tun wata biyu. Ɓerayen na kwashe na kai wa ƙanwata Eufemia, ban da biyunki. Wa ya isa ya taɓa biyunki? Magajin Gari yana nan, ya ƙara ƙiba, ci ba aiki, bai kunyata sunan da kika sa masa ba. Mai Takaba ma tana nan da baƙar rigarta. Eufemia ta ɗaga Magajin Gari ta auna shi a hannu ta ce, "Yaya, zunubi ne a bar wannan ya tsufa. Kawo in sa masa tafarnuwa, matarka ba za ta sani ba." Na karɓe abina na ce mata ba ta san ki ba.

Sai na shiga yi musu keji. Ni da na saba da garma da lauje, ban taɓa haɗa ko kujera ba! Na sare reshen itacen turaren bayan gida, na sayo ragar waya a kasuwar Lahadi, na ari zarton maƙwabcinmu Wenseslao, shi kuma ya biyo zartonsa ya haye katanga yana ba ni shawara. "Abokina," in ji shi, "duniya ta zo ƙarshe. Abincin rana kake gina wa bene? Ka sa musu taga mana, da hoton waliyyi." Ban kula shi ba. Sau uku na daki yatsana. Ƙofar ta fito a karkace, na yanka tsohon takalmina na taya na ɗaure ta da shi. Na shimfiɗa katako a ƙasa don kada waya ta ji musu a ƙafa, na kifa musu fasasshiyar tukunyarki a lungu, domin kin sha faɗa cewa wanda ba shi da wurin ɓuya a cikinsu tsoro ne ke kashe shi.

Da na zo kan ƙafafun kejin sai na tsaya. Ba na so ki riƙa sunkuyawa, sunkuyo yana tayar miki da tari. To ina ƙugunki yake kaiwa? Hannuna ya san wurin, amma zarto bai sani ba. Sai na ɗauko jan siket ɗinki na biki, na riƙe shi a jikin sandar da zan yi ƙafar kejin da ita, na yi alama da gawayi. Ƙamshinki yana nan a jikinsa, Agripina, ƙamshin ulu da na'ana'a. Na daɗe a tsaye a tsakar gida rungume da siket, har Wenseslao ya sauko daga katanga ya tafi gida.

Ranar Talata na mayar da su kejin. Ɗakin girki ya yi fes, ya yi haske, ya yi shiru. Kai, shiru! Yanzu in na ajiye cokali sai in ji ƙararsa. Su ma ba sa yi mini kuka yadda suke yi miki. In na kawo ɗanyar ciyawa su karɓa, su ci, su juya mini baya. Amma da iska ta taɓa ƙofar gida sai su miƙe su fasa kwi-kwi, ni ma in miƙe, tunda an ce kukansu baƙo yake kira. Sau nawa na je ƙofar nan, kurciyata? Sau nawa na buɗe wa iska?

Washegari na hau tudun makaranta, inda waya ke kamawa, don in yi muku albishir. Na gaya wa Nelida an gama komai, ki shirya.  Sai ta ce, "Baba, ba hayaƙin kaɗai ba ne. Likita ya ce iskar kan dutse ta yi wa huhunta kaɗan. Ko ta warke, kada ta sake hawowa. Mama ta sani tun makon jiya. Ita ta hana ni faɗa, wai a bari ka gama kejin tukuna."

Haba Agripina! Haba kurciyata! Kina can kina haɗiyar wannan ke kaɗai, kin bar ni ina dukan yatsa? Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba, fushin da ya raka ni har gindin tudu. Daga nan sai kuka. Na zauna a bakin gonarmu na dubi kunyoyin da kakana ya fara ja, da kabarin iyayena can ƙasa, da dutsen da ban taɓa kwana uku ban gan shi ba. In na bar nan, ni wane ne? Wani tsoho a birnin motoci, ba garma, ba tumaki, sai kallon titi. Tsoro nake ji, na faɗa miki ba kunya. Amma da na koma gida na zauna a ɗakin nan mai tsabta, sai na ga tsoron zama a nan ba ke ya fi wancan.

Jiya da safe na sake aro zarton. Na yanke ƙafafun kejin duka huɗu, domin direban motar Asabar ya ce ba ya ɗora abu mai ƙafa a saman motarsa. Gonar na danƙa wa iyalin Eufemia. Tumakin Wenseslao zai haɗa da nasa. Da na gaya masa bai yi zolaya ko ɗaya ba, sai ya ce in bar masa makulli, zai riƙa buɗe tagogi. Direban ne zai kawo miki takardar nan, da cuku, da busasshen dankali. Asabar ta sama kuma, in kin yarda, zai kawo sauran kayan.

In kin yarda, na ce. Gidan ba nawa ba ne, kuma na san ɗakunan Nelida biyu ne kacal, ga miji ga 'ya'ya. Ya ke ruwan idona, inuwata, numfashina da aka tafi da shi gangare, don Allah ki roƙar mini ita. Ke Nelida, ci gaba da karatu, kada ki tsaya a nan. Kurciyata, ki tambaye ta ko akwai wuri a saman rufi, kusa da igiyar shanya, da zai ɗauki keji mai kamu uku. Ba sa ƙazanta, ni zan riƙa sharewa. In kuma an sami ɗan sarari a gefen kejin, akwai wani tsoho da zai biyo su. Ba ya cin abinci da yawa, minsharinsa kuwa kin riga kin saba da shi.

Naki a kan dutse, naki a gindinsa, naki har ranar da za a auna mini nawa katakon na akwatin gawa,

Saturnino