Gashin Jacaranda

Talata, 4 ga Maris

Don Evaristo mai shirya wasan kokawa ya haɗa ni da Jacaranda ranar 16, gashi da gashi: wanda aka kayar a aske shi ƙwal a gaban jama'a. Ya riga ya yanke, ni zan ci. Wai exótico irin Jacaranda, wato ɗan kokawa mai shiga fage da jan-baki da kwalliyar mata, na ban dariya ne, bai taɓa aske namiji ba. Da na gaya wa matata Ofelia, sai ta dubi sanƙona ta ce wane gashin na sa a caca?

Alhamis, 6 ga Maris

Atisaye. Jacaranda ya zo ba kwalliya. Ashe sunansa Rigoberto, ana ce masa Rigo. Gashi har gadon baya. Ya ce tun ranar da ubansa ya kore shi daga gida almakashi bai taɓa shi ba. Na yi kamar ina ɗaure takalmi.

Ɗan banza ya iya kokawa, wannan kam.

Lahadi, 9 ga Maris

Wasan share fage. Ina ɗauke da Rigo sama gwiwata ta ci amanata. Ya murɗa jiki ya faɗi ta kafaɗa don kada ya karya min wuya, ya tashi ya manna min sumbar nan da 'yan kallo ke jira, yana raɗa, "Gudu waje, tsoho, ka huta." Na fice ina goge baki, fili ya kaure da ihu.

Na nemi in yi godiya, ba ya ɗakin shirinmu. A ɗakin tsintsiya na same shi, Nacho, mutumin da suke zaune tare, yana ɗora masa ƙanƙara. Can aka ware wa Rigo tun zuwansa. Abin ya tsaya min a rai.

Laraba, 12 ga Maris

Gwiwa da sauƙi. Na ci tamales, alalar masara, har Ofelia ta ɓoye tukunya.

Lahadi, 16 ga Maris

A kayen ƙarshe, da Rigo ya danne ni, inda aka tsara in ture shi, sai na ƙanƙame shi a kaina.

"Me kake yi, baba?"

"Kwanta, kana cika ni da turare."

Alƙali ya waiga wajen Don Evaristo, ya ga ba mafita, ya buga ƙasa sau uku, an kayar da ni. Wanzami ko gumi bai yi ba. Jama'a kamar su rushe fili, Rigo na kuka, kwalli har haɓa. Don Evaristo ya ce wata guda ba ni ba fage. Gwiwa ce ta hana ni tashi, haka na gaya wa kowa.

Lahadi, 23 ga Maris

Na leƙa fili, kallo kawai. Na ɗauko jakar Rigo daga ɗakin tsintsiya na rataye a ƙusata. Chato, sarkin surutun ɗakinmu, ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Ai wata guda ba na amfani da wurin, kada a ce ya zauna a banza.

Kai yana jin sanyi. Rigo ya ce Nacho zai saƙa min hula. Na ce ban da ruwan hoda.