Jan Layi a Wuya

Tokiyo, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Rukaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki Hawawu da duk mutanen gida a Salaga. Na sauka lafiya. Yayarki Ubaida ta fara samun ƙarfi, jaririn kuma an raɗa masa Abdul-Wadud. Wankan jego a nan sai haƙuri, babu itace, babu ganyen darbejiya, famfo kawai ake murɗawa.

Tunda ba kya ɗaukar wayata, na rubuta a takarda, Ubaida za ta ɗauki hotonta ta tura wa gwaggonki. Yarinyar da ta bar gidan ubanta a Yendi wata biyu saboda littafin zane, ta san ba tarbiyyar da na yi mata ke nan ba. Ban ƙona littafinki ba, ban yaga ba. Jan biro na ɗauka, na ja layi a wuyan kowane mutum da kika zana, kamar yadda aka koya mana a Islamiyya: hoton mai rai, idan an raba kansa da jikinsa, ya tashi daga gunki. Don mala'iku su shiga ɗakinki na yi.

Jiya Sa'id, mijin Ubaida, ya kai ni unguwar masu kayan lantarki in saya wa Babanku waya da na'urar awon hawan jini, tunda yanzu tafiyar Bawku tana galabaitar da shi. Kantin da muka shiga bene ne hawa bakwai. Ƙasa wayoyi, sama kuwa 'yan tsana masu manyan idanu da shuɗin gashi, irin na zanen anime ɗin nan da ya ɗauke miki hankali. Na ga magidanta da furfurarsu suna layi a kansu. Na nemi tsarin Allah. Sai dai na buɗe wani littafi a wurin, na ga hannun mutum da aka zana, bai kai wanda kike zanawa kyau ba. Ban faɗa don in yabe ki ba.

Ki kula da salla, ki taya gwaggonki aiki.

Mahaifiyarki,
Munawara Iddrisu

Tokiyo, 11 ga Maris

Rukaya 'yata,

Assalamu alaikum. Ya jikin gwaggonki, ya zafi? Allah ya sa kina cin abinci. Ba ki ba ni amsa ba, kuma yau ban ga laifinki ba.

Ubaida ta karanta waccan wasiƙa. Bayan kwana biyu, ina dama mata kunun kanwa, ta ajiye mini wayarta. Ashe shekara uku kina tura mata kowane shafi idan kin gama. Ni da nake kwana gida ɗaya da ke ban taɓa karanta ko ɗaya ba.

Na zauna na bi su daga farko. Wata mata ce a bakin ruwa a Makango, goye da yarinya mai zazzaɓi. Babban jirgi ya lalace, hadari ya haɗo, masunta sun ƙi tashi. Ta yi ta yi musu faɗa har wani tsoho ya tura kwalekwalensa zuwa asibitin Yeji. Kin yi mata manyan idanu irin na zanen mutanen nan, amma kin bar mata tabon man gyaɗa a wuyan hannun hagu. Na duba hannuna.

Sau ɗaya na taɓa ba ki labarin nan, kina 'yar shekara tara, kuma don in goranta miki ne ranar da kika ƙi wanke-wanke. Ke kuwa kika riƙe shi kika yi masa shafi tamanin da huɗu. Na ja wa matar nan layi a wuya fiye da sau ɗari, ban kalli fuskarta ko sau ɗaya ba. Har jaririyar da ke bayanta ban bari ba. Ni da na yi sakandare, nake faɗa muku kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba.

Shekaranjiya na sa Sa'id ya mayar da ni kantin. Na daɗe a gaban 'yar tsanar nan mai takobi da ke fuskar wayarki. Hannuna ya kasa ɗaukarta, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a hawa na huɗu na saya miki allon zane na lantarki da alƙalaminsa. Mai kantin ta nuna mini cewa idan an ja layi bisa kuskure, akwai inda ake taɓawa ya ɓace. Sau uku na sa ta maimaita. Littafinki ba shi da irin wannan wuri.

Mukaila, ƙanin Sa'id, zai taso jibi, shi zai kawo miki har Salaga. Hotunan shafukan duka suna wurin Ubaida, babu ja a jikinsu. Maganar hukuncin zane ban bar ta ba. Za mu je wurin malam tare, da littafin a hannu, kuma ke za ki fara magana. Da haka ya kamata in yi tun farko.

Mahaifiyata ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban iya ba. Rukaya, na cuce ki. Ki yafe mini.

Ki gaishe da gwaggonki. Ubaida da jariri suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Munawara

Abu ɗaya: ɗankwalin da na ɗaura ranar Makango ba kore ba ne kamar yadda kika zana, ruwan ƙasa ne. Yana ƙasan akwatina a Yendi. Ina dawowa ranar ashirin da takwas. Idan na tarar da ke a gida, zan fito miki da shi ki duba da kyau kafin ki sake zanawa.