Wankan da Ya Hana Duna Fim

Laraba da dare.

Ni na jawo wa kaina. Jiya masu shirya fim suka sauka ƙauyenmu, suka ga jakina Duna ya dawo daga kai taki, duk jikinsa toka. Darakta ya ce in kawo shi yau, zai fito tare da jarumin.

Da asuba na wanke shi da sabulun matata Ladi, na shafe shi da man gyaɗa, na ɗora masa sabon akumari. Ni ko ranar aurena ban yi wannan ƙyalli ba.

Darakta ya dube shi, ya dube ni. "Baba, jakin talaka muke nema. Wannan ai ya fi jarumin namu kyau." Suka ɗauki na maƙwabcina Malam Idi, wani jaki mai yagaggen kunne.

Barci ya ƙi zuwa. Maganar sabulu mai sauƙi ce. Amma autata Hafsatu ta gaya wa duk 'yan ajinsu za su ga Duna a waya, don ni na yi mata alkawari. Gobe kafin ta tafi makaranta dole in faɗa mata gaskiya.

Shi kuwa gogan yana can yana birgima a toka, yanzu da ba ta da amfani.